Awon Waƙa a Kwamfuta

Idan ka shiga majami'a a Kafanchan, Kagoro ko Kwoi da yamma, sau da yawa za ka tarar da ƙungiyar mawaƙa tana bita. Malamin waƙa yana kaɗa hannu, su kuwa suna bin sa da do, re, mi. Yanzu irin wannan malami yana iya rubuta waƙarsa a kwamfuta da manhaja kamar MuseScore, wadda ake saukewa kyauta daga intanet.

Kafin ka rubuta sauti ko ɗaya, manhajar za ta tambaye ka awon waƙar. A rubutun kiɗa, ana yanka waƙa da layuka a tsaye. Abin da ke tsakanin layi da layi, bari mu kira shi gida. Alamar awo lambobi biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, kuma ita ce ke faɗin tsawon kowane gida. Lambar ƙasa tana nuna irin sautin da ake ƙirga da shi: 4 tana nufin rubu'i, 8 kuma sumuni, wato rabin rubu'i. Lambar sama tana nuna nawa ne za su cika gida. Saboda haka 4/4 rubu'i huɗu ke nan. Idan ba ka zaɓi kome ba, shi manhajar za ta ba ka.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin 3/4 da 6/8. A lissafi tsawonsu ɗaya, domin kowanne sumuni shida ne. A kunne kuwa sun sha bamban. Gwada da tafi. Ƙirga ɗaya zuwa shida, ka tafa a kan ɗaya, uku da biyar: wannan 3/4 ne. Sake ƙirgawa, ka tafa a kan ɗaya da huɗu kaɗai: ka sami 6/8, wanda ya fi sa jiki rausaya. Kaɗe-kaɗen gargajiya da yawa na Afirka ta Yamma a kan irin wannan rabo na uku-uku suke tafiya. Kwamfuta ba ta san abin da kunnenka ya ji ba. In ka zaɓi 3/4 alhali waƙar 6/8 ce, ba za ta ce maka uffan ba. Sai ranar bita, mawaƙa su nauyaya murya a wuri guda, mai ganga ya buga a wani wurin.

Wata waƙar kuma ba ta farawa a kan bugu mai ƙarfi. Sauti ɗaya ko biyu sukan riga shi. Kada ka cike gaban gidan da alamun shiru. Gaya wa manhajar tun farko cewa gidan farko gajere ne, misali rubu'i ɗaya tak, sauran gidajen su zauna yadda suke.

Yau da yamma, saurari wata waƙa da 'yan zumuntar mata ko makaɗan garinku suke yi. Tafa tare da su, ka nemo bugu mai ƙarfi, sannan ka ƙirga har ya sake dawowa.