Sokawe ko Bututun Gari, Wanne Ya Fi Cin Kuɗi?

'Yan'uwa manoma, bayan an sayar da shinkafar rani akan tashi gyaran gida, kuma a kan batun masai ne aka fi yi mana tambaya. Waɗansu suna so su gina sokawe irin na gidajen ma'aikata. Waɗansu kuwa sun ce a dakata, watakila wata rana gwamnati ta ja bututu irin na Abuja. Bari mu auna su biyun.

Sokawe rami biyu ne. Na fari tanki ne na bulo da siminti, wanda ruwa ba ya fita ta jikinsa. A nan bahaya yake kwantawa ya ruɓe. Ruwan da ya taso sama sai ya zarce rami na biyu, ƙasa ta shanye shi. Bututun gari kuwa, kowane gida yana haɗa nasa da babban bututu a ƙarƙashin titi, ƙazantar ta gangara har wurin da injuna suke tace ta, kamar na Wupa a Abuja. A Talata Mafara da Bakura da Maradun babu irin wannan, ko a Gusau ma babu.

A ƙarshen shekarun 1970 Bankin Duniya ya sa aka bi ƙasashe da dama aka lissafta abin da kowane irin masai yake ci wa gida ɗaya a shekara, watau gini da ruwa da gyara da yashewa duka. Da kuɗin 1978, bututun gari ya kai wajen dala 400, cikakken sokawe wajen dala 370. Masai na rami bai kai dala 30 ba, wanda ake kora da buta kuwa bai kai 20 ba. Farashi ya sake tun tuni, amma ku dubi tazarar. Mu kanmu mun yi mamaki da muka ga sokawe yana bin bututun gari kurkusa haka. Bambancinsu shi ne wanda yake biya. Bututu hukuma ce take haƙawa, a riƙa karɓar kuɗi a hannun mutane kaɗan kaɗan. Sokawe kuwa maigida ne yake ɗaukar kayansa shi kaɗai, a lokaci guda.

Abin da yake sa su tsada, wanda magini ba ya faɗa maka, shi ne ruwa. Kwanon zama na tsohon yayi yakan sha lita 9 a kora ɗaya. A ce gida yana da mutum 10, kowa ya kewaya sau uku a yini, lita 270 ke nan, kusan jarka 11 masu cin lita 25. Wa zai ɗebo? Mata da yara ne, ko kuwa a saya wurin 'yan garuwa kullum. Bututun gari ya fi haka buƙata, gama in ba ruwan famfo kowace rana, sai ya toshe. Ga shi kuma ƙauyukanmu a warwatse suke, bututu mai tsawo zai yi wa gidaje kaɗan aiki. A Orangi ta Karachi a Pakistan, tun daga 1980 talakawa suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa nasu bututun layi layi da arha, amma can gida yana manne da gida ne.

Sa'an nan tanki yakan cika bayan shekara uku zuwa biyar. Dole a yashe shi, motar zuƙa kuwa daga nesa za a kira ta, kuɗin mai a kanka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 ruwa ya soma bin kanal, ruwan ƙasa ya matso sama a wurare masu kwari. Ƙasar da ta ƙoshi ba ta shan ruwan sokawe. Ko ya dawo tsakar gida, ko ya bi ta ƙarƙashi ya shiga rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A 2021 wannan cuta ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Zamfara tana cikin jihohin da suka sha wuya. Saboda haka kowane rami ya yi nisan ƙafa 100 daga rijiya, ya kasance ta gangare, gindinsa kuma ya tsaya ƙafa 5 ko 6 sama da inda ruwa yake kaiwa da damina.

A ganinmu sokawe ya dace da asibiti, ko makaranta, ko gidan da yake da tankin ruwa na kansa. Ga yawancinmu, masai mai rami biyu ya fi. Ana amfani da ɗaya, in ya cika a rufe a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke ciki ya zama taki busasshe, a kwashe da shebur a kai gona. A kafa masa bututun iska mai raga a kai, irin wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a Zimbabwe cikin shekarun 1970, domin wari da ƙuda. Inda ƙasa take da yashi a ɗaure bakin ramin da bulo, inda ruwa yake kusa a ɗaga ginin bisa tudu.

Kowace ƙungiya ta auna zurfin ruwan rijiyarta a watan Agusta, ta rubuta, ta kawo mana taro na gaba tare da farashin siminti da rodi na kasuwar Mafara, mu yi lissafin tare.