Hanya Amarya Ce, Itace Uwargida

Magidancin da ya san ya kamata, in zai ƙara aure, da uwargida yake farawa. Ya kai mata kayan faɗar kishiya, ya shafe mata ɗaki, ya ja kunnen 'yan biki kada kowa ya mai da ƙofarta wurin jibge kaya. Ya san ita ce ta riƙe gidan tun ba a tara komai ba. Da wannan idon ya kamata mai gida a Dawce ta ƙasar Matameye ya dubi itacen ƙofar gidansa ranar da zai gyara hanyar shiga.

Allah ya buɗa wa mutum, ya dawo daga cirani ko kasuwa ta yi albarka, ya sayi mota ko amalanke, sai ya ga ƙofar gida ta yi masa kaɗan. A faɗaɗa ta, a zuba burji, a malala siminti. Wannan ci gaba ne, babu mai ƙinsa. Sai dai a gefen hanyar akwai bedi ko mangwaro ko gawo, wanda a inuwarsa ake raɗin suna, ake zaman makoki, ake ɗaure tunkiya da rana. Shi ne uwargidan, kuma shi ake mantawa da shi idan hidima ta kankama.

Mutanen ƙasar Matameye ba sa buƙatar a koya musu darajar itace. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Matameye da Magarya da Mirya ne suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu, suna sassabe shi suna reno, har gonaki suka sake cika da itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa irin wannan reno ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma kowace ranar 3 ga Agusta ƙasa na bikin dasa itace. Abin takaici ne wanda ya tsare gawo a gona ya zo ya kashe bedi a ƙofar gida, ba da gatari ba, da rashin lura.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Yawancin ƙananan saiwoyin da itace ke shan ruwa da iska da su ba su da zurfi, suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna miƙewa har su wuce iyakar inuwa. Ko gawo mai doguwar saiwa da ke nutsawa neman ruwa yana da nasa na gefe. Babbar mota ta kawo yashi, direba ya nemi sanyi ya faka a gindin itace, tayoyi su danne ƙasa ta daskare kamar daɓe, ruwa ya daina shiga. Lebura ya sa diga yana haƙa, ya ci karo da saiwa mai kaurin damtse, ya sare ta ya wuce. Magini ya kwaɓa siminti a inuwa, da yamma ya wanke baro da shebur ya sheƙa ruwan a gindi, alhali ruwan siminti ƙona saiwa yake yi. A ƙarshe a tara ragowar ƙasa har ta rufe wuyan itacen, ɓawo ya fara ruɓewa daga ƙasa.

Uwargidan da aka ɓata wa rai ranar biki ba a ranar take magana ba. Za ta yi girki, ta tarbi baƙi, kowa ya ce lafiya lau. Sai an kwana biyu a ga gida ya yi sanyi. Itace ma haka yake. Bana ganye shar, baɗi ganyen ya ƙanƙance, shekara ta uku rassan sama su bushe, wata rana iskar farkon damina ta kwantar da shi a kan katanga. A ce tsufa ne ko gara, alhali tun ranar da aka zuba burji aka yi masa illa.

Haƙƙinsa kuwa ba shi da tsada. Kafin motar farko ta iso, ka ɗauki igiya ka zagaya jikin itacen daidai ƙirjinka, ka auna tsawon nan sau huɗu daga gindi, ka ja da'ira. Kusan ma'aunin ke nan da magina ke bi a Ingila, inda ake ninka kaurin itace sau 12. Ka kafa darni ko shingen ƙaya a kan da'irar, ka ce wa magini: "Malam, daga nan zuwa ciki ba mota, ba siminti, ba bulo." Ka nuna masa inda zai kwaɓa da inda zai wanke kaya, can nesa. In hanya za ta iya ɗan karkacewa, a karkata ta. In dole sai ta ratsa kusa, a haƙa da hannu, a bar manyan saiwoyi, wadda ta zama tilas a yanke ta da zarto yanka ɗaya mai tsabta, a rufe ta da ƙasa mai laima nan take. A wannan ɓangaren a shimfiɗa tsakuwa maimakon siminti, don ruwan sama ya samu mashiga. Bayan an gama, a ci gaba da ba shi ruwa har rani ya wuce.

Mai gida, hanya ana gama ta cikin mako guda, in ta fashe a sake ta. Inuwar da ka gada kuwa sai an shekara ashirin ana jira kafin a mai da irinta. Ka kafa shingen kafin ka kira magini.