Ka jona mota ta ƙi yin caji? Duba waɗannan kafin ka kira mai gyara

Ƙorafin da ya fi yawa daga 'yan'uwa mazauna Birtaniya da suka koma mota mai batir kusan iri ɗaya ne. Ka dawo gida da yamma, ka jona waya, fitilar cajar bango ta kama, amma motar shiru. Ga mai aikin Uber wannan ba wasa ba ne, domin in gari ya waye batir babu komai, kuɗin ranar sun tafi. To amma sau da yawa cajar lafiyarta ƙalau. Ko dai tana jiran lokacinta ne, ko kuma tana kare gidan.

Mu fara da lissafi, don wasu suna kiran jinkiri matsala alhali haka abin yake. Wayar da ake sakawa a soket na ɗaki tana ba da kilowat 2.3 ne kawai. Cajar bango ta gida kuwa tana kai wa 7.4. Batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 zai ci kusan awa 26 a soket na ɗaki, a cajar bango kuma awa takwas zuwa tara. Sannan motar kanta tana da iyakar abin da za ta karɓa. Tsohuwar Nissan Leaf, misali, ba ta wuce 6.6, wasu da suka fi tsufa ma rabin haka ne, komai tsadar cajar da ka saya.

Yanzu ga babban mai laifin. Tun ƙarshen watan Yunin 2022, doka ta ce duk cajar gida da za a sayar a Ingila da Sukotlan da Wales sai ta zo da tsarin kauce wa lokutan da aka fi shan wuta, wato ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki. Ka jona ƙarfe shida, za ta zauna tana kallonka har goma. Dokar ta kuma sa mata ɗan jinkiri na ganganci da zai iya kai minti goma, don kada motocin ƙasar duka su fara jan wuta a lokaci guda. Duka biyun ana iya canza su ko a tsallake su a manhajar cajar.

Inda abin ke rikicewa shi ne idan agogo ya zama biyu ko uku. Motar tana da nata jadawalin, cajar tana da nata, wani lokaci kamfanin wutar ma yana da nasa, kamar Intelligent Octopus Go mai arha daga 11:30 na dare zuwa 5:30 na asuba. Cajar ta buɗe ƙarfe sha biyu, motar kuma ka taɓa saita ta ta fara ƙarfe shida na safe ka manta, shi ke nan, ba za su haɗu ba. Shawarata ita ce ka bar wa guda ɗaya ragamar, ka kashe sauran. Ni na fi son a bar wa cajar ko kamfanin wuta, a kashe na motar.

Idan kuma cajin yana farawa amma yana tafiyar hawainiya da yamma, tuna cewa babban fis na gidan yana da iyaka, yawanci amfiya 60 ko 80 ko 100, cajar ita kaɗai tana jan 32. Shi ya sa ake maƙala wata 'yar na'ura a jikin wayar mita tana auna abin da gidan ke sha. Uwargida ta kunna murhun lantarki, yara suna wanka da shawa mai lantarki, sai cajar ta rage da kanta. In girki ya ƙare za ta dawo daidai.

Akwai wadda mutane ba su cika sani ba. Wutar gida a nan bolt 230 ce, kuma yawancin sabbin caja suna yanke kansu idan ta haura 253 ko ta faɗi ƙasa da 207, saboda hakan na iya nufin wayar kariya ta tsinke a layin waje, jikin motar ya ɗauki wuta. A unguwannin da rufin gidaje ya cika da sola, wutar kan haura da rana tsaka. In manhajar ta nuna wuta ta yi yawa, ba aikin mai saka caja ba ne, na kamfanin da ke kula da layin yankinku ne. Lambar 105 za ta haɗa ka da su kyauta.

Wani abin dariya kuma: motar nan mai ƙaton batir tana da ƙaramin batir na bolt 12 irin na motar fetur, shi ke tayar da kwamfutarta. Ya mutu, motar ba za ta ma san an jona ta ba. Haka nan ka tabbatar filogin ya shige sosai har ka ji ƙarar kullewa, ka leƙa cikinsa ko akwai datti ko ruwa.

Abubuwa biyu ne ban yarda ka yi wasa da su ba. Idan makunnin kariya na akwatin fis ya faɗi sau ɗaya, ka iya ɗaga shi. Ya sake faɗuwa, bar shi haka, ka kira ƙwararren mai aikin wuta, don akwai inda wuta ke zurarewa. Na biyu shi ne masu caji da soket na ɗaki, musamman 'yan haya. Soket ɗin ba a yi shi don ya ja amfiya 10 dare guda cur ba, balle a ƙara masa wayar nan mai naɗi ta fito ta taga. Bayan awa ɗaya da farawa ka taɓa filogin. In ka ji zafi sosai, ko ƙaurin roba, ko ka ga bakin soket ɗin ya fara yin ruwan ƙasa, kashe makunnin ka zare, kada a sake jona mota a wurin sai an canza shi.