Sabha: Ga rijiyar mai, ga dogon layi a gidan mai

A ranar 1 ga Satumba, 2011, shugaban Faransa Nikola Sarkozi da firayim ministan Birtaniya Debid Kamaron suka tara wakilan ƙasashe da ƙungiyoyi kimanin 60 a birnin Paris, domin duba yadda za a farfaɗo da Libiya bayan kifar da Gaddafi. An amince a saki kusan dala biliyan 15 daga dukiyar ƙasar da aka riƙe a waje. Bayan mako biyu sai ga su a Tarabulus da Bangazi ana ta yi musu tafi. Babu wanda ya leƙo kudu, a lokacin ma Sabha tana hannun dakarun Gaddafi.

Abin da ƙawayen suka fi sa wa ido, wato ɗanyen man da ke fita ta teku, bai jima ba ya farfaɗo. A 2012 haƙarsa ta kusa komawa yadda take kafin yaƙi. Fetur ɗin da direban Fezzan zai zuba a mota ne aka bari a baya.

Rijiyoyin Sharara da ke kusa da Ubari suna iya ba da ganga 300,000 a kullum, amma bututu ke kwashe man zuwa Zawiya a bakin teku. Tataccen kuwa sai tanka ta ɗauko shi tafiyar fiye da kilomita 700, shinge bayan shinge. Da yake gwamnati ta daɗe tana sayar da lita a kan dirhami 150, ƙasa da kuɗin ruwan gora, tankoki da dama ba sa sauke kaya inda aka aike su. Mai karatu da ya san hanyar Gatrun zuwa Dirku ya fi ni sanin inda durorin ke ƙarewa. Idan gidan mai ya rufe, sai a koma wa 'yan bumburutu a saya ninkin-ba-ninkin, kuɗin kuma a kan buhun dabino da katon ɗin taliya yake sauka.

Ƙarancin mai na cikin koke-koken da suka sa masu zanga-zangar Fushin Fezzan suka rufe Sharara a Disamba 2018, ba a buɗe ba sai Maris 2019. An sake rufewa a Janairu 2024 kan ƙorafi iri ɗaya, duk da kwangilar da aka sa wa hannu a 2023 ta gina matatar ganga 30,000 a kudu.