Aikin Gayya a Sararin Sama: Ƙananan Jirage da Kai Ɗauki Lokacin Bala'i

Duk wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari ya saba da rugugin jirgin sama, domin filin jirgin Malam Aminu Kano maƙwabcinsu ne. Alaƙar Kano da jirgi kuwa daɗaɗɗiya ce. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma daga wannan rana ake ƙirga tarihin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya. Sai dai yawancinmu mun ɗauka jirgi na alhazai ne da manyan 'yan kasuwa. Wannan maƙala za ta duba wani amfani nasa dabam, wato yadda masu ƙananan jirage na ƙashin kansu kan yi aikin sa kai idan bala'i ya auku, da darasin da ke ciki ga ɗalibai da malamai.

Me ya sa ake gaggawa?

Amsar tana cikin ilimin halittar jikin ɗan Adam. Idan ambaliya ta haɗa ruwan sha da na masai, amai da gudawa, wato kwalara, kan biyo baya. Ƙwayar wannan cuta tana fitar da wani dafi da ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishiri maimakon ya tsotse su. Idan ciwon ya yi tsanani, babban mutum na iya asarar ruwa har lita guda cikin awa ɗaya, jini ya yi kauri, ƙoda ta daina aiki, ya rasu kafin rana ta faɗi. Haka nan ambaliya takan kora macizai zuwa tudun da mutane suka fake. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma maganinsa ya fi amfani idan an ba da shi da wuri. Allurar rigakafi ita ma tana da nata sharaɗin: yawancinta sai an adana ta cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba ƙarfinta ya ragu.

Mutanen Kano sun ga misalin wannan a 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Asibitin Zana da ke titin Faransa, a bakin Sabon Gari, ya cika maƙil da marasa lafiya. Sanƙarau kan yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mazaunin Fagge yana iya isa asibitin cikin mintoci kaɗan, amma mutumin ƙauyen da gada ta karye tsakaninsa da gari fa? A nan ne ƙaramin jirgi ke da rana.

Abin da ƙaramin jirgi ke iyawa

Mu ɗauki jirgi mai inji ɗaya da kujeru huɗu, irin Cessna 182. Yana tafiyar kimanin kilomita 250 cikin awa guda, kuma yana iya sauka a kan shararren fili mai tauri wanda bai kai kilomita ɗaya ba. Bayan an cire nauyin matuƙi da na mai, kayan da zai ɗauka ba su wuce kilo 300 ba. Buhun shinkafa shida ke nan, alhali tirela guda tana ɗaukar buhu 600. Saboda haka ba a ciyar da gari da irin wannan jirgi. Amma ƙunshin garin gishiri da sukari na masu gudawa, wanda ake damawa a lita ɗaya ta ruwa, nauyinsa kimanin giram 20 ne. Ɗalibi ya buga lissafi da kansa: kilo 300 zai ba da ƙunshi wajen 15,000. Ashe abin da ya dace da jirgin shi ne kaya marasa nauyi masu ceton rai, kamar magunguna, jini, allurar rigakafi, likita da ma'aikacin jinya. Har ila yau, matuƙi yana iya shawagi ya gano hanyar da ta yanke da wurin da mutane suka maƙale.

Iska ma tana da nata hukuncin. Fukafukin jirgi suna ɗaga shi ne ta hanyar tura iska ƙasa, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Don haka a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano kan kai digiri 40, dole matuƙi ya rage kaya ko ya tashi da sassafe. Da hunturu kuma hazo yakan rufe gari, da damina ga hadari. Matuƙin da ya yi ganganci sai ya ƙara wa masu ceto aiki.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka, inda ƙananan jirage suka yawaita, an kafa ƙungiyar Civil Air Patrol ta 'yan sa kai tun 1941, tana neman waɗanda suka ɓace, tana ɗaukar hoton ɓarna daga sama. A 2017, bayan guguwar Harvey ta haddasa ambaliya a jihar Texas, wasu matuƙa suka kafa ƙungiyar Operation Airdrop, suka yi ta jigilar kaya da jiragensu. Sun sake yin haka a 2024 a tsaunukan Karolina ta Arewa, bayan guguwar Helene ta cinye hanyoyi. A Faransa matuƙa ne suka kafa Aviation Sans Frontières a 1980, domin kai agaji ƙasashen Afirka. Kusa da gida kuwa, ƙananan jiragen ƙungiyar mishan ta SIM sun shafe shekaru suna jigilar likitoci da marasa lafiya tsakanin Yamai da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar.

Abin lura a nan shi ne, ba ranar bala'i ake fara shiri ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da jerin sunayen matuƙa, sun san filayen da ake iya sauka, kuma suna da mutane a ƙasa masu auna kowane kwali, su rubuta nauyinsa a jikinsa. Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fa, ina muka kwana?

Bala'i ba baƙonmu ba ne. Madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta yanke hanyoyi a Jigawa, ta kuma shiga Kantin Kwari a nan Fagge ta lalata dukiya mai yawa. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri. Amma masu ƙaramin jirgi na ƙashin kansu kaɗan ne a ƙasarmu, saboda tsadar jirgin da ta man da yake sha. Shi ya sa aikin ya rataya a wuyan sojan sama, da Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, da jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka fara aiki a arewa maso gabas a 2015. A 2022 kuma aka fara amfani da jirage marasa matuƙa wajen kai magunguna ƙananan asibitoci a jihar Kaduna.

Duk da haka muna da abin ginawa a kai. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya tana horar da matuƙa tun da aka kafa ta a 1964. Bisa ƙa'idar duniya, mai shekara 17 na iya samun lasisin tuƙa ƙaramin jirgi bayan aƙalla awa 40 na horo a sama da cin jarrabawa, kuma ginshiƙin karatun lissafi ne da kimiyya da labarin ƙasa. Zuciyar taimako ma ba mu rasa ta ba. Sa'ad da jirgin fasinja ya faɗa unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, mutanen unguwa ne suka fara kai ɗauki kafin motocin hukuma su iso. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan himma da tsari.

Aikin makaranta

Wannan tsari kuwa yana iya farawa daga aji. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Fagge da Sabon Gari tana iya zana taswirar unguwarta, ta nuna inda ruwan Jakara da manyan kwatoci kan tumbatsa, da tudun da za a fake, da asibiti mafi kusa. Malamai su koya wa ɗalibai haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. A koya musu auna kaya, da rubuta lissafi, da taimakon farko. Ko da jirgi ya sauka da maganin kwalara, sai an sami wanda zai sauke shi, ya san ƙauyen da ya fi buƙata, ya kuma iya dama shi daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ya kamata a fara wannan horo tun damina ba ta kama ba.