Daga Karar Kasuwar Daji Zuwa Bagaden Ƙudus: Abubuwan Mamaki Game da Yankan Ibada na Yahudawa da Kiristoci

Mai sayen ragon layya a karar Kasuwar Daji ba ya miƙa kuɗi sai ya buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora, ya leƙa ido, ya sa dillali ya ja shi don a ga ko yana ɗingishi. Wannan bincike tsoho ne ƙwarai. Littafin Firistoci, na uku cikin littattafai biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa da Kiristoci, ya hana kai makauniyar dabba, ko karyayya, ko mai gyambo ko ƙazuwa, gaban bagade, wato dandamalin da ake yanka da ƙona hadaya a kai. A wuri guda suka fi mu tsanani: dandaƙaƙƙe ba ya karɓuwa a wurinsu ko kaɗan. Mu kuwa Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta fifita wanda ba a dandaƙe ba ne kawai, ba ta haramta ɗayan ba.

Raƙumin da ake saukowa da shi daga Nijar zuwa kasuwar Shinkafi ya halatta a layya, amma a Attaura ko cin namansa haramun ne, balle a kai shi bagade. Dalilin da aka bayar shi ne yana tuƙa amma kofatonsa bai rabu biyu ba. Dabbobin hadaya uku ne kacal: saniya, tunkiya da akuya. Sai tsuntsaye biyu, kurciya da tattabara. Kaza ba ta ciki.

Ɗan dabba da ya kwana bakwai wurin uwarsa ya isa hadaya a rana ta takwas. Amma ba a yanka uwa da ɗanta rana ɗaya.

Talaka yana da nasa rabo. Wanda bai iya sayen tunkiya ba ya kawo kurciya biyu, wanda ko kurciyar ta gagare shi ya kawo garin alkama kimanin mudu guda, kuma a yi masa kafara da shi. Linjilar Luka ta ce tsuntsaye biyu Nana Maryam ta kai Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Ƙudus, bayan haihuwar Annabi Isa, kuma daga nan malaman Kirista suka fahimci cewa gidan ba na masu hali ba ne.

Kowace hadaya sai an sa mata gishiri. Zuma da yisti kuwa ba a ƙona su a bagade.

Rabon nama ma abin dubawa ne. Hadayar ƙonawa ana cinna mata wuta ne gaba ɗaya, ba mai ɗanɗana ko tsoka guda, sai fatar da ke zama rabon firist ɗin da ya yi aikin. Ashe barin fata ga masu hidimar addini ya daɗe kafin tattara fatun layya da ƙungiyar Izala ke yi duk shekara. Wadda ta fi kama da layyarmu ita ce hadayar salama: ƙirji da cinyar dama na firist, saura na mai dabba da iyalinsa da baƙinsa. Sai dai akwai wa'adi. Idan ta godiya ce a cinye ta a ranar, idan ta alwashi ko ta ganin dama ce a kai washegari, abin da ya kai rana ta uku a ƙone shi. Ba suya, ba ajiya a tukunya. Wutsiyar rago da matanmu ke adanawa har ranar cika-ciki, a can ita da ƙoda da kitsen ciki ake fara ɗorawa a wuta, domin rabon Ubangiji ne. Alƙur'ani ma, a Suratul An'am, ya ambaci haramta wa Yahudawa kitsen shanu da na tumaki.

To, me duk wannan yake nufi? Attaura ta ba da amsa a babi na 17 na Littafin Firistoci: ran dabba yana cikin jininta, kuma jinin ne ke yin kafara a bagade. Shi ya sa mai hadaya ke ɗora hannunsa a kan dabbar kafin a yanka, shi ya sa kuma firist ke tarar jinin a kwano ya yayyafa. Mu jinin layya rami muke haƙa masa mu binne, domin Suratul Hajji ta gaya mana cewa ba nama ko jini ke isa ga Allah ba, taƙawa ce. Malaman Yahudawa su kansu sun yi saɓani kan hikimar abin. Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya yi aikin likita a fadar Alƙahira ya rasu a 1204, ya ce an bar wa Bani Isra'ila yanka ne don sun taso cikin al'ummu masu yanka wa gumaka, sai aka juya al'adar zuwa ga Allah ɗaya maimakon a raba su da ita dare ɗaya. Musa bin Nahman, wanda ya zo bayansa, ya ƙi wannan fassara. A ganinsa mai zunubi yana kallon abin da ake yi wa dabbar ne don ya san cewa shi ya cancanci hakan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hadayar zunubi, a mafi yawan hali, ta wanda ya yi kuskure ce ba da gangan ba. Ba a shirya ta don mutum ya yi ta'asa da sani sannan ya wanke kansa da rago ba. A nan ne nake ganin mutumin Zurmi ko na Ƙauran Namoda zai fi tsayawa ya saurara, domin babu abin da ya ɗaiɗaita karkararmu kamar satar shanu. Dokar Attaura ta ce wanda ya ƙwace kayan wani, ko ya ci amanar ajiya, ko ya tsinci abu ya rantse bai gani ba, sai ya fara mayar da kayan ga mai shi, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa, sannan a karɓi ragonsa. Littafin Fitowa ya ce ɓarawon da ya yanka ko ya sayar da sa zai biya shanu biyar, na tunkiya ya biya huɗu. Littafin Malakai ya yi tir da masu kawo ƙwatacciyar dabba bagade. An kuma ruwaito cewa da aka yi wa Annabi Dawuda tayin shanu da itace kyauta don hadaya, ƙi ya yi, ya biya kuɗi, don ba ya son ya miƙa wa Allah abin da bai taɓa aljihunsa ba. Tun a 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana safarar dabbobi na wani lokaci don toshe wa 'yan bindiga hanya, tambayar asalin dabba ta zama wajibi a kara. Rago mai arha fiye da kima, wanda dillali ya kasa faɗin garken da ya fito, bai dace da wuƙar layya ba.

Hadaya ta farko da aka ba da labari ita ce ta 'ya'yan Annabi Adamu biyu. Attaura ta ce Habila makiyayi ne, ɗan'uwansa manomi, kuma a kan karɓar hadaya aka fara zubar da jinin ɗan'adam.

A Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, bunsuru biyu ake kawowa a jefa musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka. Ɗayan babban firist ya ɗora masa hannu biyu, ya furta laifuffukan jama'a duka a kansa, a kora shi jeji da rai.

Lissafin dabbobin yana da ban tsoro. Kullum 'yan raguna biyu, safe da yamma. A Idin Bukkoki ana fara wa da bijimai 13, a riƙa rage ɗaya kowace rana har su zama 7, jimilla 70 a mako guda. Littafin Sarakuna ya ce a bikin buɗe Haikali Annabi Sulaiman ya yanka shanu 22,000 da tumaki 120,000. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ce an taɓa ƙirga 'yan raguna sama da 250,000 a Idin Ƙetarewa guda, ko da yake masana tarihi na ganin ya yi ƙari.

Labarin Annabi Ibrahim da rago na kowa ne, sunan ɗan ne ya bambanta. Attaura ta ce Ishaƙu, akasarin malamanmu sun ce Isma'ila, kuma Ibnu Kasir ya kare wannan da ƙarfi, alhali Ɗabari ya karkata ga Ishaƙu. Don tuna wannan rago ne Yahudawa ke busa ƙahon rago a ranar sabuwar shekararsu. Ƙahon saniya bai halatta ba, kuma cikin dalilan da malamansu suka kawo akwai cewa yana tuna bautar ɗan maraƙi.

A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali. Tunda doka ta ce a wuri ɗaya kaɗai ake hadaya, yanka ya tsaya cak, kusan shekara 2,000 ke nan. Malamansu suka ce addu'a, tuba da sadaka sun maye gurbinsa, har suka daidaita addu'ar safe da ta yamma da lokutan 'yan ragunan nan biyu. Waɗanda ba su daina ba su ne Samariyawa, jama'a da ba su kai mutum 1,000 ba. Duk shekara suna yanka tumaki a Dutsen Gerizim kusa da Nablus, su tsire su a dogayen sanduna, su gasa a rami, su cinye cikin dare ba tare da karya ƙashi ba.

Kiristoci sun bar yanka ne bisa wani dalili daban. A aƙidarsu Yesu shi ne Ɗan Rago na Allah, mutuwarsa a kan gicciye ita ce hadaya ta ƙarshe, kuma Wasiƙa Zuwa ga Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, amma sanin wannan ne zai sa ya gane cewa akuyar da maƙwabcinsa Kirista ke saya lokacin Kirsimeti ta girki ce, ba ta ibada ba. Duk da haka Kiristocin Armeniya har yau suna yanka rago ko zakara don godiya ko cika alwashi: limamin coci ya sa wa gishiri albarka, a dafa naman da ruwa da gishiri kawai, a raba wa mabukata. Cocinsu na kiran abin sadaka, ba kafara ba.

Sai batun jar karsana. Littafin Ƙidaya ya ce wanda ya taɓa gawa ba ya tsarkaka sai da ruwan da aka zuba wa tokar jar karsana wadda ba a taɓa ɗora wa karkiya ba. Malamansu sun ƙara da cewa gashi biyu da ba ja ba sun isa su ɓata ta, kuma tara kaɗai aka taɓa ƙonawa daga zamanin Annabi Musa zuwa rushewar Haikali. Duk jan shanun Rahaji da makiyayanmu ke ji da su, da wuya a sami wadda za ta tsallake wannan sharaɗi. A watan Satumba na 2022 wasu ƙungiyoyi masu burin sake gina Haikali suka ɗauko jajayen karsana biyar a jirgin sama daga jihar Texas ta Amurka zuwa Isra'ila. Falasɗinawa sun ɗauki lamarin da zafi, domin filin da ake son a kafa sabon bagaden shi ne harabar Masallacin Ƙudus.