Wayar Ma'aji Ma Tana Bukatar Kwaɗo

'Yan'uwa manoma, a da idan ƙungiya ta sayar da hatsi, ma'aji yakan zuba kuɗin cikin akwati ya sa kwaɗo. Amma tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, ƙungiyoyi da yawa sun koma ajiya a banki, suna biya da karɓa ta waya. Watau wayar ma'aji ta zama ƙofar rumbunmu. To, wa zai bar rumbu a buɗe ya tafi kasuwa?

Ku sani, sau da yawa ba wayar ce ɓarawo yake so ba, layin da ke ciki ne. Yakan cire sim ɗin ya sa a wata waya. Daga nan saƙonnin banki za su riƙa zuwa wurinsa, har ya iya gano lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya kawo a 2014. Saboda haka kulle fuskar waya kaɗai bai isa ba. Sim ma yana da nasa kwaɗon, wanda ake kira PIN. Ku nemi wani amintacce ya nuna muku wurinsa, amma ku buga lambar da hannunku. In an yi kuskure sau 3, layin zai toshe, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo sim ɗin a ciki. Ku adana katin nan tare da takardun gona.

Wajen zaɓen lamba, kada ku sa 1234, ko shekarar haihuwarku. Kada lambar waya da ta banki su zama ɗaya. Kada kuma ku rubuta ta a takarda ku cusa bayan wayar. Sa'ad da za ku bar waya a shagon caji, ku kashe ta tukuna. A wurin mai POS kuwa, ku buga lambarku da kanku, ku kāre da tafin hannu.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya taɓa wayar, bakinka yake nema. Zai kira ya ce daga banki yake, ko an sa sunanka cikin masu samun taki, ka karanto masa lambar da aka aiko maka yanzu. Kada ka faɗa! Banki ba ya tambayar wannan lamba. Haka ma lambobi 6 na WhatsApp. Wanda ya same su zai ƙwace asusunka, ya shiga roƙon 'yan ƙungiya kuɗi da sunanka. In saƙon neman kuɗi ya zo da sunan shugaba, ku kira shi ku ji muryarsa tukuna.

Idan waya ta ɓata, kada a jira gari ya waye. A sa banki ya toshe asusun nan da nan, sa'an nan kamfanin layi ya rufe sim ɗin. Tun yau ku buga *#06#, ku rubuta lambobi 15 da za su fito a littafin ƙungiya, gama 'yan sanda za su bukace su.

A taronku mai zuwa, kowa ya zo da wayarsa, a duba ta ma'aji da fari. Rigakafi ya fi magani.